Katin da Na Ba Yaya

Zuwa ga Baban 'yan biyu,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya kuma ƙafar nan da ka tafi tana maka ciwo? Mu nan lafiya lau. 'Yan biyu suna gaishe ka, sun ce in tuna maka alkawarin keke. Tunda waya ba ta shiga a wurin madatsar ruwan nan taku, na ba direban kamfaninku saƙon nan, don abin da ke cina ba zai jira dawowarka ba.

Yaya ya koma caca.

Ka tuna katin bashi na shago, wanda na sa banki suka yi masa na biyu don ya riƙa shan mai da shi yana sayo mana garin sabulu da sitati? Kai ka ce in ɗan ƙara jira, ni na ce yayana ne ciki ɗaya, shekarun da ya yi bai leƙa gidan caca ba sun isa shaida. To jiya ina zaune bayan kanta, injin wanki yana ta gurnani, na ce bari in duba katin a waya, abin da ka san ba na yi, jimla kawai nake gani in biya. Sai ga sunan wani shafin caca a jere, yau kaɗan, gobe da yawa, tun watan jiya. Duk daga katinsa ne, kuma wayarsa ce ake tura wa saƙo duk lokacin da aka taɓa shi, saboda haka ba zai ce bai sani ba. Sai da na ƙona wuyan rigar wani bawan Allah da dutsen guga kafin na dawo hayyacina.

Abin da ya ƙara tsinka mini zuciya, akwai kuɗin da aka zuba a katin wanda ba ni na zuba ba. Sai na tuna babur ɗinsa da ya ɓace daga ƙofar shago, da na tambaya ya ce sayarwa ya yi, wai ya cika cin gyara. Wato ya cinye kuɗin shago a caca, ya sayar da abin hawansa ya toshe ramin don kar in gani. Ga shi ya rame, ba ya haɗa ido da ni. Yana loda zannuwan asibiti a mota sai ya ja, ko shayin da muke sha tare da safe ya daina tsayawa.

Ka san abin da cacar farko ta ci masa: aikinsa, gidansa, har matarsa ta kwashe yara ta tafi. Ni na je na ɗauko shi, na miƙa masa makullin mota gaban kowa. Wallahi ba kuɗin ne ke mini ciwo ba, shi ne. Amma hali zanen dutse ne, kuma ba zan bari ya ja shagon nan ya nutse da mu ba. Ranar Asabar in mun tashi zan karɓi makulli da kati, sannan in je in faɗa wa Inna da bakina.

Ka yi mini addu'a, ka kuma riƙa shafa maganin ƙafar nan.

Taka,
Mai Faɗa


Zuwa ga Baban 'yan biyu,

Ina gaishe ka gaisuwar kewa. Yaya jiki, yaya abokan aiki? Direbanku ya kawo amsarka ranar Asabar da hantsi, Allah ya saka masa, don ko gida bai je ba ya biyo ta shago.

Da farko haushinka na ji. Ina jiran ka ce ai ka faɗa mini, sai ga shi kai ne kake tare wa Yaya faɗa. Ka ce kar in ce masa uffan, kar in taɓa makulli, kar in je wa Inna, sai na kira masu katin na ji ta bakinsu. Ka ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma mu duka an sare mu. Ka kuma yi tambayar da ni ban yi ba: yaushe Yaya ya iya caca a waya, mutumin da 'yan biyu ne ke sa masa lambar mutane? Na ninke takardar ina ƙunƙuni, amma na bi maganarka. Da yamma ya dawo, ya rataye makulli a ƙusa, na ce masa sannu da aiki, ya ce yauwa, ya tafi.

Ranar Litinin na kira. Wata mata ce ta ɗauka, muryarta a sanyaye kamar ba ta taɓa faɗa da kowa ba. Ta rufe katin nan take, ta yi mini tambayoyi, ta ce ɓarayin kati suna son shafukan caca, don nan ne kuɗi ke shiga ya fita da wata kama. Amma ta ce akwai matsala: an daɗe ba a kai ƙara ba, kuma an biya wani ɓangare, wanda a wurinsu kamar mai kati ya amince ne cewa shi ya kashe. Ta ce za su bincika, in ba su lokaci.

Ka san layinmu, magana ba ta kwana. Na ce musu dai katin shago aka taɓa, ban ambaci caca ba. Ashe kowa da tabonsa. Mai kemis ya ce bankin da ke ba da shuɗin kati irin namu ba su fiye barin a yi sata ba, amma in an yi, sai ka tsufa kana jira. Mai aski ya ce jan katinsa an taɓa shi ya fi a ƙirga, sai dai kafin ya ajiye almakashi sun kira shi sun mayar. Matar mai gyaran waya ta ce duk kanwar ja ce, ita ta yanka nata da reza ta huta. Suka yi ta musu a ƙofar shago kamar masu gardamar ƙwallo, ni kuwa abu ɗaya nake so in ji, ko hannun yayana ne ko ba nasa ba.

Na ce wa Yaya banki sun rufe katin za su sabunta, na riƙa ba shi kuɗin mai a hannu. Ya karɓa ya sa a aljihu.

A gaida duk wanda ya tambaye mu.

Taka,
Mai Faɗa


Zuwa ga mijina, Baban 'yan biyu,

Gaisuwa da godiya, da fatan kana lafiya kamar yadda muke. Yau da hannu mai sauƙi nake rubuto maka.

Ba shi ba ne. Matar bankin ta kira ni da kanta. Ta ce a wani gidan mai aka maƙala wata 'yar na'ura a bakin injin biya, tana kwafe duk katin da aka zura. Direbobi da yawa abin ya shafa, masu shuɗi da masu ja duka, kuma daga wata ƙasa can aka buga cacar. Ta ce ta tsaya mana a kan maganar jinkirin, za a mayar da komai har abin da aka biya. Na yi ta sa mata albarka har ta fara dariya ta ce akwai masu jira a layi.

Da ya dawo daga kai kaya na ja shi ɗakin guga na rufe ƙofa, na faɗa masa duka, har da abin da na yi niyya. Ya zauna a kan buhun sabulu, wannan ƙaton mutum, ya rufe fuska da hularsa. Ya ce tun saƙon farko ya gani, ya san bai yi ba, amma da ya karanta sunan shafin sai ya ga shi za a zarga. Shi ya sa ya sayar da babur ya biya bashin ɓarawo, yana fatan abin ya tsaya kafin in lura. Na ce haba Yaya, me ya hana ka faɗa mini?

Ya ce, “Da na ce ba ni ba ne, da kin yarda?”

Ni da kake ce wa Mai Faɗa, ranar ni ce na sauko. Na nemi gafararsa ina kuka. Ya ce ba ni da laifi, zargin nan shi ya saye shi da tsada tun da daɗewa.

Sannan ya faɗa mini abin da ya sa nake rubuto maka yau ban jira dawowarka ba. Ya ce ya ga fuskata, ya san na gani, ya kuma san ranar Asabar, da muke lissafin mako, zan sallame shi. A ranar ya tsaya da mota a ƙofar wani gidan caca, da ragowar kuɗin babur a aljihu. Ya ce wa kansa tunda za a hukunta shi a kan abin da bai ci ba, gara ya ci. Sai ya ga zannuwan asibiti a baya ba a kai ba, ya ce bari ya kai, ya zo ya ji hukuncin, in na karɓi makulli, daga shago gidan cacar zai wuce kai tsaye. Ya zo ya rataye makulli yana jira, ni kuwa na ce masa sannu da aiki. Ya ce bai san yadda aka yi ba, sai ganin kansa ya yi a ɗakinsa.

Baban 'yan biyu, takardarka tana aljihun rigata a lokacin, kuma sannun nan da ƙyar ta fito. Kana can cikin ƙura da siminti, da ciwon ƙafa, ka zauna ka rubuta abin da ya riƙe mini baki, ka ceto mini ɗan'uwa ba ka sani ba. Na gode. Allah ya saka maka da alheri, ya dawo mana da kai lafiya. Yaya ya ce in ka tashi dawowa kar ka hau motar haya, shi zai zo ya ɗauko ka.

Matarka mai godiya,
Mai Faɗa