Ƙarar Motar Zayyad

Gumel, 4 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Ummukulsum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da yara, da fatan damina ta sauka muku da albarka. Lauratu tana gaishe ku. Na ba Ubale direba takardar nan kamar yadda muka saba, tunda kin ce waya ba ta ɓoyuwa a gidan nan. Idon Inna ne ya tafi, kunnenta yana nan daram.

Asabar ɗin nan ba zan samu zuwa Sule Tankarkar ba. Motar marigayi Yaya Zayyad tana garejin Jethro. Kin san motar nan ba don zuwa aiki aka ƙera ta ba. Motar tsere ce ta samarin Turai, ƙofa biyu, cikinta na jan ƙasa, kujerarta kamar bencin makaranta, shi kuma ya ɗauko ta daga Kwatano don son ransa. Ni kuwa kullum sai na je Maigatari wurin awon riɗi na dawo. Wata goma sha huɗu ke nan tana hannuna, kuma bayana ya gaya min. Ga Lauratu da ciki wata bakwai. Ranar da na kai ta awo muka faɗa wani rami, sai da ta riƙe hannuna tana salati. Maƙwabciyarmu Juliana ma ta ce duk safiya in na tayar da motar sai jaririyarta ta firgita.

Jethro ya canza shokozoba, ya sa taya mai kauri, ya ɗan ɗaga ta daga ƙasa. Ya cire kafet ya shimfiɗa soso a ƙasa da cikin ƙofofi, ya sake robar gilashi, an yi wa kujeru sabuwar katifa. Saura salansa. Ya yanke tsohuwar, zai ɗaura wata babba. Ya ce in an gama, waɗanda suka sa mata suna Tsawa sai sun nemo mata wani sunan. Ya ɗan yi min gardama a kan salansar, amma kin san bakanike da son magana.

Ki gaya wa Inna abin da kika saba gaya mata in ban samu zuwa ba. Sai Asabar ta sama, in Allah ya yarda.

Ƙaninki,
Abdurra'uf

Sule Tankarkar, 16 ga Yuli

Auta,

Wa'alaikumus salam. Muna nan lafiya, gero ya kai gwiwa. A gaida Lauratu, Allah ya sauke ta lafiya.

Jiya da ka zo ban samu yi maka magana ba saboda Inna tana zaune. Mota ta yi kyau, ba ƙarya. Har ka tsaya a ƙofar gida awakin Kawu ba su ɗaga kai ba. Ni ma sai sallamarka na ji.

To bari in gaya maka abin da ka tafi ka bari. Ka san tun da ruɗewar tsufa ta kama Inna, sau uku muna gaya mata Yaya Zayyad ya rasu, sau uku tana sabon kuka kamar ranar aka yi, washegari kuma ta manta. Kai da bakinka ka ce a daina gaya mata. Ka kuma san duk Asabar tun hantsi take sa in zaunar da ita a bakin zaure. In ta jiyo ƙarar motar daga kwalbati sai ta ce, "Ga Zayyad nan, dama fura." Ka shigo, ta shafa kanka, ta kira ka da sunansa, ka amsa, ku sha a kwano ɗaya. Abin da take ci ranar shi yake riƙe ta har mako ya zagayo.

Jiya ka shigo ka ce, "Inna, ni ne, Abdurra'uf." Ta ce maka sannu, ta mayar da kunnenta hanya. Bayan tafiyarka tana nan zaune har aka kira magariba. Na kawo tuwo, ta ce a rufe, Zayyad yana hanya. Asabar biyu ke nan ba ta ji shi ba, kuma duk abin da take mantawa, wannan ba ta manta ba.

Tambaya ɗaya gare ni. Shokozoba na gane, don Lauratu ne. Katifa na gane, don bayanka ne, duk da ban san tun yaushe ka tsufa ba. Salansa kuma don wa? Kada ka ce min Juliana. Shekara guda baiwar Allah tana haƙuri da ƙarar nan, kuma a cikin jerin dalilanka ita ka sa ta ƙarshe.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Ummu

Gumel, 19 ga Yuli

Yaya Ummu,

Assalamu alaikum. Takardarki ta same ni a Maigatari ina tsakiyar aiki. Na karanta ta a bayan buhunan riɗi, na kasa komawa kan sikeli sai da na wanke fuska.

Don ni ne. Tunda kin tambaya, don ni ne.

Wata goma sha huɗu ina amsa sunan mamaci. Duk Asabar in na baro gidan nan, sai na tsaya a kwalbati na kifa kaina a sitiyari kafin in iya tuƙi. Inna ba ta taɓa cewa ina Auta ba, ko sau ɗaya. Ni da ta goya har ƙafata tana jan ƙasa, ni da take ɓoye wa ƙanzo a ƙarƙashin faifai don kada ku gani. Ina zaune gabanta, hannunta a kaina, tana sa wa wani albarka.

Ranar da Jethro ya kunna wutar walda sau biyu yana tambayata, "Malam Abdul, ka tabbata?" Na ce yanke. Cewa na yi a raina, in babu ƙarar nan ai dole ta ji muryata. Na sa cikin Lauratu da jaririyar mutane a gaba na ɓuya a bayansu. Yaya, na yi kishi da mutumin da yake kabari, ɗan uwana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya koya min tuƙi a motar nan. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma rubutawar ta fi min sauƙi a kan in faɗa miki ido da ido.

Motar yanzu ta yi shiru har ina jin numfashina a ciki. Ban taɓa ƙin hanyar Maigatari kamar makon nan ba.

Yaya jikinta? Ki gaya min gaskiya.

Abdurra'uf

Sule Tankarkar, 22 ga Yuli

Auta,

Wa'alaikumus salam. Gaskiya ka nema, ga ta. Koko cokali uku take sha ta kau da kai. Jiya ma'aikaciyar asibiti ta zo ta yi mata ƙarin ruwa, ta ce ruwa ba abinci ba ne. Yau Asabar, ta sa an fito da ita zaure, ba ta iya zama ba sai da na jingina ta da matashi biyu.

Na so in zage ka, na ɗauki biro sai na fasa. Ni ma akwai ranakun da ba ta sanina. "Yarinyar nan mai aiki" take ce min, ni da nake wanke ta. Saboda haka ciwonka ba baƙo ba ne a wurina.

Amma ka zauna ka tuna. Lokacin da Inna take da hankalinta, ka taɓa jin sunan Yaya Zayyad a bakinta? Ɗan fari ne. "Wancan" take cewa, daga baya ta koma "mai motar nan". Tun yaye aka kai shi ɗakin matar Kawu. In ya gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Kai ba a haife ka ba ranar da ya faɗo daga kan kuka ya karye a hannu. Aka shigo da shi tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ɗaga kai ba saboda idon mutane. Ni na gan ta daga baya a bayan rumbu, ta cusa bakin zane a baki tana kuka don kada a ji.

Shekara arba'in da huɗu ya yi a duniya bai ji ta kira shi ba. Tsufa ne ya zo ya cire mata kunyar, ya tarar shi kuma ya riga ya tafi. Duk abin da ta haɗiye tun yana jariri, yanzu take fito da shi, kuma ba ta da kan da za ta shafa sai naka. Kai ka sha naka tun da ƙuruciya, a fili, gaban kowa. Wannan nasa ne, riƙe masa kawai kake yi.

Ka dawo da ƙarar nan, Auta. Ban san kwana nawa ke gare mu ba.

Ummu

Gumel, Litinin

Malam Abdul,

Gaisuwa da fatan alheri. An ce ka zo gareji sau biyu ba ka same ni ba, ina wajen gyaran wata tarakta. Na bar maka wannan a wurin mai shayi, don wayata ta faɗa cikin baƙin mai.

Sabuwar salansar kada ka huda ta da ƙusa kamar yadda aka ce min kana shiri. Ƙara za ta yi, amma ba irin waccan ba, kuma Mama za ta gane. Waccan ni da marigayi muka yi ta da hannunmu. Mun buɗe cikinta, mun cire raga biyu, mun bar ɗaya, muka mayar muka yi walda. Sau uku muna buɗewa kafin ya ce ta yi.

Na tambaye shi a lokacin, kai kuwa me ya haɗa ka da tayar wa gari hankali? Ya yi dariya ya ce, "Jethro, tsohuwata ba ta iya kiran sunana, ba ta iya fitowa tarbata. Amma in ta jiyo wannan daga kwalbati, kafin in iso na tarar da fura a zaure, babu kowa a wurin. Da me kake so in riƙa yi mata sallama?" Ranar da ka ce in yanke, ya kamata in gaya maka wannan. Na ga fuskarka sai na ja bakina. Laifin har da nawa, ka yafe ni.

Tsohuwar salansar ban zubar ba. Haladu mai injin niƙa na Gagarawa ya roƙe ni, na ba shi, ya ɗaura wa injinsa. Yana bayan tasha, kowa ya san shi. Ka karɓo, ko ƙarfe nawa ka iso zan ɗaura maka. Muna sa Mama a addu'a a coci.

Naka,
Jethro

Gumel, 27 ga Yuli

Yaya Ummu,

Assalamu alaikum. Na samo tsohuwar salansar. Na haɗa miki da takardar Jethro, ki karanta, ni ba zan iya maimaita abin da ke ciki ba.

Na tarar da ita a jikin injin Haladu ta yi fari fat da garin dawa. Da farko ya ƙi, ya ce mata sun yi layi da ƙwarya, ba zai kashe inji don wata mota ba. Da na gaya masa dalili, sai ya tashi ya kashe, ya ba matan haƙuri, ya kwance ta da kansa tana ƙona masa hannu. Muka kwance sabuwar daga jikin motar, na bar masa. Yanzu duk Gagarawa babu injin niƙa mai ladabi kamar nasa.

Jethro ya ɗaura jiya da yamma. Da ya taka totur sai ya juya baya yana goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa. Shokozoba da katifa suna nan, Lauratu ba ta rasa komai ba. Na je na gaya wa Juliana gaskiya, na ce zan riƙa tura motar har bakin titi kafin in tayar. Ta ce in bar wahalar da kaina, ita ma tana da tsohuwa a Kagoro.

Jibi ina tafe da hantsi. Ki zaunar da Inna a zaure. Duk sunan da ta kira zan amsa, kuma ba zan sake tsayawa a kwalbati ina jin tausayin kaina ba. Ki roƙa min gafarar Allah, don ita ba ta san abin da zan roƙe ta a kai ba.

Ƙaninki,
Abdurra'uf

Sule Tankarkar, 30 ga Yuli

Auta,

Wa'alaikumus salam. Ka ga da idonka yadda ta miƙe zaune ba matashi, da yadda ta shanye furar. Bayan tafiyarka ta ci tuwo malmala guda, yau da safe ta nemi ƙosai.

Ina yi mata tsifa ɗazu sai ta ce, "Zayyad ya kyauta, Allah ya yi masa albarka." Na ci gaba da tsifar. Can ta ce, "Ke, ina Autana? Kwanaki ya zo a ƙafa, shiru-shiru, ya ce min shi ne. Hankalina yana hanya ban ko ba shi ƙanzo ba. Tun ranar bai dawo ba. Ko fushi ya yi da ni?" Na ce bai yi fushi ba. Ta ce in aika a kira shi.

Ban sani ba ko gobe za ta tuna ta faɗi haka, amma ta sa na ajiye ƙanzon a ƙarƙashin faifai.

Asabar ta Yaya Zayyad ce, kada ka taɓa ta. Ka zo ran Laraba. Ka bar motar a bakin kasuwa, ka tako da ƙafa.

Yayarka,
Ummu