Takalmin Autana

Ɗana,

Bayan gaisuwa, yaya maiɗakinka da jikokina? Ni lafiya lau, gwiwa ce kawai take ƙorafi da aikin goge benen asibitin nan.

Na ga hoton gidan da ka gina mini don in dawo in huta. A ranar kuma autana ya turo nasa daga fagen fama. Sabon takalmin da aka raba musu ya wage baki, ya ɗaure shi da waya. Ofishinku ke sayo wa sojoji takalma, kai ke zaɓa. Tir da wannan hali.

Riƙe makullinka. Ba zan kwana a ɗakin da aka gina da tafin ƙafar ƙaninka ba. Allah ya tsare shi, kai kuma ya shirye ka.

Mahaifiyarka