Babur ɗin Habu

Azare, 12 ga Maris, 2005

Ƙanena Malam Isa,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara, da fama da aiki. Mu nan sai godiya.

Shekara bakwai ke nan da na bar koyarwa, kuma tun daga lokacin ba a neman shawarata a gidan nan, sai dai a kawo mini labarin ɓarna. To ga sabuwa.

Habu ɗan marigayi yayanmu ya sayar da injin ban-ruwan da ka saya masa, ya sayi tsohon babur, wai zai yi acaɓa. Mutumin da bai bambance totur da birki ba! Bai gayyace ni ba, amma na bi shi wurin dillali da sassafe. Na taɓa injin babur ɗin na ji zafi, alhali an ce tun jiya ba a hau ba. Na ce, "Habu, ɗumama shi aka yi. Bari ya huce mu ga ko zai tashi." Dillalin ya ce, "Malam, wannan fa ba allon aji ba ne." Habu ya taya shi dariya.

Washegari ya yi ta bugawa har ya jiƙe da gumi, babur ko tari bai yi ba. Bakanike ya ce injin ya gama aiki. Yanzu kaji ke hawansa.

Ka gaishe da surukanka, ka sa mu a addu'a. Albasar Habu ta fadamar Katagum kuwa, saura wata guda a cire ta, ta bushe duka.

Yayanka,
Adamu