Ma'aunin da Gwani Ya Kawo da Hannunsa

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙani ga yayarsa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin sauƙi da kwanciyar rai. Ya jikin? 'Yarki 'Yar Baba ta gaya mana a waya cewa kin fara takawa da sanda daga ɗaki zuwa baranda, har kina yi wa jikokinki faɗa idan sun bar takalma a bakin ƙofa. Da na ji an ce faɗa ya dawo, na ce wa uwar yara to Yaya ta warke. Allah ya ƙara lafiya, ya sa zaman da kike yi a wajen 'yarki ya zama hutu. Mu a nan kowa lafiya. An gyara rufin ɗakin baƙi da ke yoyo, babbar 'yata ta gama jarrabawa tana gida tana cinye mana abinci, ƙaramin kuwa ya fasa gilashin motata da ƙwallo ya ce iska ce.

Dalilin wannan doguwar takarda shi ne ɗanki Gwani. Kin tuna ranar da ya gama jami'a kika kawo shi falona kika ce ga amana, in riƙe shi kamar ni na haife shi. Na riƙe. Ni na shigar da shi kamfaninmu, a sashen odita da nake darakta. Aikinmu dai kin sani, mu bi sassan kamfani ɗaya bayan ɗaya, mu buɗe fayil, mu ga ko ana bin ƙa'ida, mu rubuta rahoto kan abin da ya karkace. Ba zan ci haƙƙinsa ba, yaron yana da kai. Cikin 'yan shekaru ya zama shugaban tawaga, da mutum shida a ƙarƙashinsa da ofishinsa mai taga. Masu gadi suna sonsa, masu shara suna sonsa, har waɗanda yake bincika sukan rako shi bakin mota. A sana'armu wannan ba lallai abin yabo ba ne.

Abin da ya faru bara ne ya buɗe mini ido. Mun shiga lif mu uku, ni da shi da shugaban kamfani. Shugaban ya dafa kafaɗar Gwani ya dube ni yana dariya, ya ce in fara share kujerata, don ga wanda zai gaje ta, kuma da alama ba zai daɗe yana jira ba. Yaya, na ɗauka yaron da na riƙe zai sunkuyar da kai ya ce ina shi ina kujerar kawunsa. Bai ce ba. Dariya ya yi, har da gyara wuyan riga, ya ce Allah ya sa. A gabana. Na yi dariya tare da su, lif ya buɗe, kowa ya kama gabansa. Ban ce masa komai ba, ranar ko bayanta. Kin san halina tun muna yara, ban iya hayaniya ba, ajiya na iya.

Ba a jima ba aka tura shi wani kwas. Ya dawo da zumuɗi, ya shigo ofishina riƙe da takardu, ya ce ya kamata mu daina auna shugabannin tawaga da ra'ayi da ganin dama. A sa wa kowa buri da za a iya aunawa, a rubuce, da lamba da wa'adi, ta yadda ƙarshen shekara ba wanda zai ce an zalunce shi ko an fifita wani. Ya yi ta bayani idonsa na ƙyalli. Na saurare shi har ya gama, na ce wannan shawara ta yi, shi da kansa zai tsara ta kuma sunansa zai hau kanta. Ya yi ta godiya. Ya tsara ma'auni huɗu: yawan binciken da aka kammala a kan lokaci, yawan manyan kurakuran da aka gano, yawan shawarwarin da sassan suka aiwatar, da kuma makin gamsuwa da waɗanda aka bincika za su ba shugaban tawagar. Shugaban kamfani ya yaba masa a gaban kowa. Abu biyu kawai suka rage a hannun darakta, wato sa lambar da kowa zai kai da kuma raba sassan da kowa zai bincika.

Sai na raba. Sauran shugabannin uku na ba su sassa masu sanyin hali, inda fayil ke jere kuma manajoji ke amsa waya. Gwani na ba shi sashen sayayya da sashen motoci da rumbunan ajiya na rassa, wuraren da ko ni sai na yi addu'a nake shiga. Na ce tunda shi ne gwaninmu, kashi casa'in cikin ɗari zai kai a kowane ma'auni, sauran shugabannin kuwa saba'in ya ishe su. Na ɗauke masa mutum biyu da suka fi kowa iya aiki, na ce ana bukatarsu a wata tawaga, na ba shi sababbin ɗauka da ba su san bambancin rasit da takardar oda ba. Ya zauna a gabana yana karantawa, na ga lokacin da ya gane. Duk wanda ya tono wa mutum manyan kurakurai ba zai samu makin gamsuwa daga gare shi ba, wanda kuma ya nemi makin ba zai tono komai ba. Aiwatar da shawara ma ba a hannunsa take ba, tana hannun manajojin da zai ɓata wa rai. Ya ɗago ya ce ko za a sake duba lambobin. Na tuna masa cewa tsarinsa ne, an riga an yaba masa, idan ya ja da baya yanzu me shugaba zai ɗauka? Na miƙa masa birona na aljihu, ya sa hannu.

Duk ƙarshen wata muna taruwa a ɗakin taro, a haska sakamako a bango da majigi. Wanda ya kai lambarsa layinsa kore, wanda ya gaza layinsa ja. Na sa aka jera sunaye ta yadda nasa ke sama, don kada wanda ke zaune a baya ya sha wahalar nema. Watan farko ja, na biyu ja. Da fari abokan aikinsa sukan kawar da kai. Daga baya suka saba, har wani ya laƙaba masa Jan Layi, sunan ya bi shi har wajen masu shayin ofis. Na ji, ban hana ba, don raha tana rage gajiyar aiki. Ya koma zuwa ofis ranakun hutu. Ya rame, wuyan rigar nan da yake gyarawa ya yi masa yawa. Manajan sayayya, wanda a da yake rako shi bakin mota, ya daina amsa gaisuwarsa, ya ba shi maki mafi ƙasa, ya kuma ƙi taɓa ko shawara ɗaya daga cikin rahotonsa. Gwani ya zo ya roƙe ni in yi wa manajan magana a matsayina na darakta. Na ce shugaban tawaga na gari shi ne mai iya shawo kan mutane, idan na yi masa aikinsa to makin wa za a rubuta?

Wata Asabar da hantsi surukarki ta zo gidana da tsohon ciki, ita kaɗai, ba da saninsa ba. Uwar yara ta kawo mata ruwa da lemo. Na bar ta a falo har na gama karatun jarida, sannan na fito. Ta sauko daga kujera da ƙyar ta zauna a kan kafet, tana kirana Baba. Ta ce mijinta ba ya barci, ba ya cin abinci, idan ta yi magana sai ya dube ta kamar bai san ta ba. Ta ce ko awon asibiti bai taɓa raka ta ba a wannan cikin. Ta roƙe ni in sassauta masa ko da na wata uku ne, har ta sauka. Na ce mata lamba ba ta san kawu ba, kuma idan na sassauta wa ɗan yayata me zan gaya wa 'ya'yan wasu? Na shawarce ta da ta riƙa dafa masa abin da yake so. Ta yi kuka, uwar yara ta harare ni, na sa direba ya mayar da ita gida don ba na son a ce ta hau motar haya da wannan ciki.

Ranar da ta haihu yana wani reshe mai nisa yana ƙirga tayoyi a rumbu. Ya nemi izinin dawowa, na ce yana da 'yancinsa, amma wa'adin rahoton ba zai motsa ba, shi ya rubuta haka a tsarinsa. Ya zauna ya gama. Da ya dawo, bai yi mako ba ya yanke jiki ya faɗi a matakalar ofis da fayiloli a hannunsa. Masu gadi suka ɗauke shi zuwa asibiti, likita ya ce jininsa ya hau ƙwarai. Na je duba shi da kaina, na kai masa ayaba da madara, na zauna bakin gado na yi masa addu'a. Kafin in tashi na sanar da shi cewa bincike biyu sun wuce lokaci yana kwance, don kada ya ga ja a bango ya ce ban gaya masa ba. Ya juya fuskarsa ga bango. Na ɗauka ciwon ne.

Taron ƙarshen shekara shugaban kamfani ya halarta. Na ce tunda Gwani ne uban tsarin, ya dace shi ya tashi ya karanta sakamakon kowa. Ya karanta na mutum uku, kore duka. Ya zo kan nasa. Muryarsa ta shige ciki, na ce ya ɗaga, na baya ba sa ji. Ya karanta ma'auni huɗu, ya faɗi a uku. Ɗaya da ya ci shi ne na gano kurakurai, ya fi kowa nesa ba kusa ba, amma tsarin bai ce ɗaya ya isa ba. Sai na ce ya karanta sakin layi na ƙarshe, inda ya rubuta da hannunsa cewa duk shugaban da ya gaza a fiye da rabi za a sauke shi. Ya karanta. Shugaban kamfani yana ta latsa wayarsa, bai ko ɗaga kai ba, da aka tashi ya fita ta gefen Gwani kamar bai taɓa dafa wannan kafaɗa ba. Na ba shi zaɓi, ko ya ajiye aiki ko ya koma ƙaramin odita. Da jariri a gida, kin san abin da ya zaɓa. Yanzu yana ƙarƙashin wata yarinya da shi ya koya wa rubuta rahoto. Ofishin mai taga nata ne, shi kuwa an sa masa tebur a lungu kusa da injin kwafi, duk wanda ya zo kwafi sai ya ce masa ya ɗan matsa.

Jiya bayan an tashi aiki ya ƙwanƙwasa ƙofata. Na zaci faɗa ya kawo, har na gyara zama. Sai ya rufe ƙofa ya durƙusa a gaban teburina, babban mutum da gemunsa. Bai nemi kujerarsa ba, bai tambaye ni dalili ba. Ya ce, "Kawu, abu ɗaya nake roƙo. Kada Umma ta ji. Likitanta ya ce zuciyarta ba ta son tashin hankali, kuma ita har yanzu tana gaya wa mutane ɗanta shugaba ne." Ya ce duk lokacin da kuka yi waya yakan ce miki komai lafiya, yana so a bar ki a haka har ki dawo. Na ce masa ya tashi, zan duba. To na duba, Yaya. Na ga ke kika ba ni amana, kuma mai amana dole ya kawo rahoto cikakke. Idan kun yi waya ba sai kin ɓoye masa kin sani ba, ki ce Kawu ne ya rubuto, kuma bai rage komai ba.

Ki gaida mini 'Yar Baba da maigidanta, Allah ya saka musu da ɗawainiyar da suke yi da ke. Ki gaida Ƙaramar Goggo idan ta leƙo, da jikokinki su Tagwaye da Sarkin Rigima, a ce masa kakansa na nan zai zo ya ja masa kunne. Uwar yara ta ce kada in sa gaisuwarta a cikin wannan takarda, za ta kira ki da kanta. Ki riƙa shan magani a kan lokaci, kada ki sa damuwa a ranki. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya dawo mana da ke cikin aminci.

Ni ne ƙaninki mai ƙaunarki,
Autan Inna