Kwamfutar Marigayi Ta Ƙone, Muryarsa Na Ciki

Anti Ikilima, don Allah ki taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan gaya wa wannan magana bai ɗauke ni marar hankali ba.

A Daura nake. Maigidana ya rasu wata biyar da suka wuce, hatsarin mota a hanyar Mai'adua ranar kasuwa. Malamin firamare ne. Da ya yi ritaya ya sayi wata tsohuwar kwamfuta ta tebur ya kafa ta a falo. A kanta muke sauraron tafsiri, a kanta muke kallon fim ran Juma'a bayan la'asar, shi yana ɓare gyaɗa yana gyara wa 'yan wasan Hausarsu. Har ɗaukar muryarsa yake yi yana ba da labarin kakanninsa na Zango, wai don jikoki. Sau nawa ya ce in zo ya koya mini, ina cewa sai na gama aiki.

Lokacin takaba, 'yata Sadiya ce ke kunna mini. In zauna in ji shi yana magana, har da tarin nan nasa da yadda yake cewa "to, madalla" in ya manta inda ya tsaya.

Sati biyu ke nan aka kawo wuta da ƙarfi, muka ji ƙauri, shi ke nan. Sadiya ce ta bar ta a jone. Anti, na gaya wa yarinyar nan maganar da ba zan iya rubutawa ba. Na ce ta kashe mini ubanta karo na biyu. To, ga shi na rubuta. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, abinci ma a ɗaki take ci.

Ƙanin marigayi, Hafizu, ya kai ta wajen mai gyara, aka ce ba ta tashi, ya dawo da ita. Hafizu ya ce a ba mai shagon kwamfuta ita a yi ciko a karɓo laftof, tunda Sadiya na shirin jarrabawar shiga jami'a, a kwamfuta kuma ake yin ta. Na san gaskiya ya faɗa. Amma ni ban san laftof ba, ban san wadda ake zaɓa ba, kuma ba na so a ɗauke waccan daga teburinsa. Jiya na so in tuno muryarsa, na kasa. Wace iri zan saya? Ko in haƙura da kwamfuta gaba ɗaya?

Taku cikin damuwa, daga Daura.

*

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ya huta. Hankalinki kuwa garau yake.

Da farko, kada tsohuwar ta shiga musaya tukuna. Murya da hotuna suna zaune ne a wata ma'ajiya a cikinta, ƙarfe ne bai fi tafin hannu ba, kuma sau da yawa wuta kan ƙone sauran kayan ta bar shi. Ki je da kanki tare da Hafizu, a ciro shi a gabanki, a gwada a wata kwamfutar. Ki ja kunnen mai gyara kada ya goge komai. In an dace, a kwafe a fulash biyu, ɗaya ki ajiye a gidan 'yan'uwa. Ban yi miki alkawari ba, wani lokacin ma'ajiyar ma takan tafi.

Batun sabuwa, ina bayan Hafizu. Ta tebur ta fi girman fuska da sauƙin gyara, amma da an ɗauke wuta ta mutu. Laftof tana da batir. Ki nemi mai fuska inci goma sha biyar, ram (ƙwaƙwalwar aikinta) giga takwas, ma'ajiya mai sauri irin SSD. Wannan ya ishi kallo, tafsiri da karatun Sadiya. Ta hannu mai kyau ba laifi ba ce, amma a cire caja a kunna fim a gabanku a ga ko batirin zai yi awa biyu, a danna kowane harafi, a ji sautinta. Ki haɗa da abin kare ƙarfin wuta. Shi kuma Hafizu ya yi haƙuri: akwatin tsohuwar ya zauna a teburin har ranar da ke da kanki kika ce a ɗauke.

Sai Sadiya. Ke miji kika rasa, ita uba, kuma yanzu tana ɗauke da laifin da ba nata ba. Ki shiga ɗakinta yau, kafin a san abin da mai gyara zai ce, ki ce kin yi kuskure. Da ita za ku je zaɓen laftof ɗin, ita za ta koya miki.

In kuma ma'ajiyar ta ƙi, ki aika wa abokan koyarwarsa da tsofaffin ɗalibansa su duba wayoyinsu. Mutumin da ya shekara talatin a aji bai rasa saƙon murya a hannun jama'a, ko da na gaisuwar Sallah ne.

Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya ba Sadiya sa'a.

Anti Ikilima