An Haɗa Ni Aji da Malamin Shari'a, Gabana Sai Faɗuwa Yake

Goggo, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Shekarata goma sha tara ina koyar da kimiyyar sinadarai a jami'a. Bana aka haɗa kwas ɗina da na tarihi da na shari'a, duka a kan ruwan rijiya. Ɗalibai arba'in ne, kowane malami yana zama a ajin ɗan'uwansa. Makon jiya ina bayanin yadda dalma ke shiga ruwa, sai wata ɗaliba ta tambaye ni wa ke da ikon rufe rijiyar, mai gida ko hukuma. Na yi tsaye da alli a hannu. Malamin shari'a, sa'an autanmu, shi ya amsa daga kujerar baya.

Ba wanda ya yi dariya, amma tun ranar in na doshi ƙofar ajin sai in ji kamar in juya. Gani nake yaran sun gano ni, in ba kwalabe da ma'auni ba, ban san komai ba. Maigidana ma tsokana yake, wai yau an ƙure malama. Na rubuta wa shugaban sashe takardar janyewa, ban dai miƙa ba. In na fita haɗin ya rushe, zangon yaran ya lalace. In na zauna, ina tsoron ranar da za a sake tsayar da ni.

Malama Mai Fargaba

Malama, tsoronki ba shirme ba ne. Wanda ya saba allo nasa ne shi kaɗai, dole ya ji nauyin idon abokin aiki.

Amma dubi tambayar yarinyar. A duk shekarun nan, wa ya taɓa yi miki irinta? Ta fara hango masu shan ruwan, ba lissafi kawai ba, kuma amfanin haɗin ke nan. Gobe in ta gano guba a rijiyar unguwa, ta san ƙofar da za ta buga.

Kada ki miƙa takardar yanzu. Ku uku ku riƙa zama kafin kowane darasi, kowa ya faɗi inda saninsa ya tsaya. Shi ma malamin shari'ar, ba shi ma'auninki ki sha kallo. In zango ya ƙare kina nan a takure, ki janye cikin mutunci. Kafin nan, in an sake ƙure ki, ki ce ba ki sani ba, ki nuna mai amsa. Ɗalibai na bukatar su ji babbar malama ta faɗi haka.

Allah ya sanyaya miki zuciya.

Goggo