Surukata na so a daina yi wa 'yata allurar suga

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Da ƙarar moɗa abin ya fara. Ina tsintar shinkafa sai in ji ƙwal a bakin randa, an jima kaɗan ƙwal, in na leƙa 'yata Ummi ce ke ɗirkar ruwa kamar wadda ta kwana da azumi. Ga yawan fitsari, ga ci amma sai ramewa take, muka ce zafi ne. Ranar da ta fara amai tana riƙe ciki, numfashinta ya koma sama-sama da ƙarfi, bakinta na wari kamar ayabar da ta nuna ta wuce, babanta yana wajen aiki a kamfanin fata a Challawa, wayarsa a kashe. Maƙwabciyata Maman Blessing ce ta ce in bar jiƙe-jiƙe, ta tsaro mana adaidaita. Kafin mu kai asibiti yarinyar ba ta gane ni.

Likita ya ce ciwon sugan yara ne, jikinta ya daina yin insulin, sinadarin da ke daidaita suga, gaba ɗaya, rashinsa ne ya sa jininta ya yi tsami, da mun ƙara jinkiri sai dai wani labarin. Ya ja min kunne, allurar insulin da ya rubuta mata ba a tsallake ta ko da ba ta ci abinci ba, in ta fara amai a kawo ta nan take. Alhamdulillahi yanzu ta murmure har ta koma Islamiyya.

To matsalar, Ummi sunan surukata gare ta, kuma a gidansu duk hutu takwara wajen mai suna take yin shi, can ƙauyensu a Jigawa. Inna, wato surukar tawa, ta aiko a kai mata ita, ta ce ba za a mayar mata da takwara abar tsira da allura kullum ba, ta tanadi saiwoyi da shuwaka, da su maƙwabcinta mai ciwon suga ya samu sauƙi. Na ce nasa na manya ne, ba iri ɗaya ba ne, babanta ya ce raina uwarsa nake yi, shi bai taɓa ce mata a'a ba kuma ba zai fara a kaina ba. Na ce to in bi ta, ya ce wa zai kula da ƙannenta. Ƙauyen nasu babu asibiti kusa, in abin ya dawo ko mota sai ranar kasuwa.

Wallahi Inna na son yarinyar nan, ni ma ba na son saɓa wa mijina, amma ni na ga idon Ummi ranar nan. In kai maganar wajen wansa ne, ko in roƙi likita ya kira shi, ko in tsaya kawai in ce ba inda za ta, komai zai faru ya faru? Me za ku yi in ku ne?

Ɗazu ina yi wa Ummi kitso ta ce min, "Umma ki daina kuka, ki koya min yin allurar da kaina, sai in dinga yi a bayan rumbu, Inna ba za ta gani ba."